Karen maƙwabcinmu da shari'ar da ta biyo bayan cizonsa

Karen ba ɓatacce ba ne. Kowa a layinmu ya san gidan da yake, ya san haushinsa, yara ma sun daɗe da koyon tsallakawa ɗaya gefen hanya idan sun zo daidai baƙin get ɗin nan. Unguwarmu tana cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen birnin Sakkwato, inda katangu suka riga fitilun titi zuwa, kuma tun da sace-sace suka yawaita mutane da dama suka ajiye karnukan gadi. Maƙwabcin namu, wanda zan riƙa kira Alhaji kawai, daga kudu aka kawo masa nasa. Jibgegen kare ne mai kunnuwa a tsaye, ba irin siraran karnukan mafarauta da muka saba gani ba.

Wata rana da la'asar sakaliya autana, ɗan shekara tara, yana dawowa daga Islamiyya, sai direban Alhaji ya wangale get zai fito da mota. Karen ya sulalo ta gefen motar. Yara suka watse, shi aka rutsa da shi. Ya cafke shi a sha-raɓar ƙafar hagu ya kayar da shi ƙasa, sai da mai shagon kusurwa ya rugo da benci sannan ya saki.

Kafin in fito, ƙofar gidana ta cika, kowa da maganinsa. Wata tsohuwa ta ce a yanko gashin karen a ƙona a barbaɗa tokar a kan ciwon. Wani ya ce barkono, wani ya ce fetur. Matar ƙanena, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta raba gardama ba tare da ta tanka wa kowa ba. Ta sungumi yaron zuwa tsakar gida, ta zaunar da shi a kan turmi da aka kife, ta sa aka miƙo sabulun wanki, ta ce a yi ta zuba ruwa kada a tsaya. Huda huɗu ne, biyu masu zurfi, fatar gefen ɗaya ta ɗan yage. Kumfa tana sauka ja-ja, yaron yana ihu, uwarsa tana cewa ya isa haka. Ita kuwa idonta yana kan agogon waya. "Yaya, ki yi haƙuri," in ji ta, "wanga wankin shi na maganin farko. Sai ya cika minti 15." Daga baya ta yi mana bayani cewa ƙwayar cutar haukan kare a cikin miyau take, sabulu da ruwa mai gudana suna kashe ta suna kuma fitar da ita kafin ta kama jijiya. Abin da ake tsoro ke nan, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda ke tashi.

Ita ce kuma ta ce in ɗauki hoton ƙafar kafin a naɗe ta, in ajiye duk wata takarda da za a ba ni, ko ta auduga ce. A lokacin ban kawo maganar kotu a raina ba. Na yi ne don ta faɗa.

A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu an sake wankewa, an yi masa allurar tetanus, an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sun ƙi ɗinke wurin da ya yage, suka ce cizon kare ba a gaggawar rufe shi, don kada a kulle dafin a ciki. Allurar haukan kare kuwa ba su da ita. Muka wuce babban asibiti cikin gari, inda likita ya zana mini jadawali a bayan kati: allura yau, sai kwana na 3, na 7, na 14, na 28. Dattawa har yanzu suna ba da labarin allurai barkatai da ake yi a ciki a zamanin da, shi ya sa wasu ke gudun asibiti. Wannan ta wuce. Ta yanzu a dantse ake yin ta, ƙananan yara a cinya, ba a yin ta a ɗuwawu. Da yake haƙoran sun huda fata har jini ya fita, ya ce akwai wata allura ta dabam, imunoglobulin, wadda ake tsirawa a kewayen raunin, ana auna ta da nauyin mutum, kuma amfaninta yana cikin makon farko ne. Ita ce ta fi wuyar samu, ita ce ta fi tsada. Sai da wani mai kantin magani ya sa aka aiko da ita daga Kano.

Watan Afrilu ne, kuma wanda ya san Sakkwato ya san abin da nake nufi. Rana takan haura digiri 40, ga wuta ba ta zama. Alluran nan kuwa sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada su yi zafi, kada su daskare. Duk ranar allura sai in ɗauki fulas ɗin shayi, in sayi ƙanƙara, in naɗe 'yar kwalbar a tsumma don kada ta jingina da ƙanƙarar, in hau kabu-kabu zuwa asibiti. Kafin in biya kuɗi a kantin magani sai na ce a nuna mini firijin da janareton. Wani ya ji haushi, wani ya yi dariya ya buɗe mini.

Daren da abin ya faru samarin layi sun taru da gorori za su kashe karen. Ni da Liman muka hana, ba don tausayinsa ba. Likita ya riga ya gaya mini cewa kare mai rai ya fi mana amfani: a killace shi kwana 10, idan ya wuce su lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon. Idan kuwa aka kashe shi, sai dai a cire kan a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, kuma kan da aka farfasa da gora babu abin da za a gani a cikinsa. A nan Sakkwato akwai asibitin dabbobi na jiha, akwai kuma na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na je na kai rahoto, wani likitan dabbobi ya zo ya duba karen, ya nemi katin rigakafinsa. Aka lalubo katin da ƙyar. Sau ɗaya aka taɓa yi masa allura, yana ɗan kwikwiyo, alhali duk shekara ake sabuntawa. Likitan ya rubuta haka, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ba ni kofi. Bayan kwana goman ya dawo ya rubuta cewa kare lafiyarsa ƙalau. Ranar ce uwar yaron ta fara barcin kirki.

Alhaji ya shigo gaisuwa tun daren farko, ban hana masa wannan ba. Ya yi sannu, ya dafa kan yaron, da zai fita ya ajiye ambulan ya ce a saya masa lemo. Na bi shi zaure na mayar masa, na ce, "Alhaji, a bari tukuna mu ga abin da asibiti za ta ci, sai mu zauna." Fuskarsa ta ɗan canza. Da aka kammala na haɗa lissafi, abin ya haura albashina na wata biyu, kuma rabinsa rance ne. Na kai wa mai unguwa, kamar yadda aka saba, shi ya kira zama.

A zaman nan ne na ji maganganu uku da na ci gaba da ji har ƙarshen shari'a. Ta farko, ƙaddara ce. Ta biyu, yaran unguwa ne ke jifar karen ta saman katanga. Ta uku ita ta ɗaure ni: Alhaji ya ce ai akwai hadisi, ɓarnar dabba ba ta da diyya. Ya ce zai ba da abin da ya sawwaƙa don zumunci, amma kada a kira shi biya. Mai unguwa ya dube ni ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Na ce haka ne, ranka shi daɗe, a ba ni lokaci in yi tambaya.

Na tafi cikin gari wurin wani tsohon malaminmu na zaure, wanda muka yi karatun Risala a gabansa muna samari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce hadisin gaskiya ne, yana cikin Buhari da Muslim, amma Alhaji ya ɗauki rabinsa ya bar fahimtar malamai. Dabbar da ta kuɓuce ba da sakacin kowa ba, ita ake nufi. Wadda take hannun mai ita, ko ya yi sakaci da ita, hukuncinta dabam. Ya jawo Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna mini wurin da aka ambaci ajiye kare mai cizo wanda aka riga aka yi wa mai shi gargaɗi. A mazhabar Malikiyya, in ji shi, lamuni yana hawa kan mai kare idan ya ajiye shi inda bai halatta ba, ko kuma ya san yana cizo, an ja masa kunne, bai ɗauki mataki ba. Na tambaye shi ko ajiye kare a gida ma ya halatta, tunda hadisi farauta da kiwo da gona ya ambata. Ya yi murmushi ya ce ana ruwaito cewa mai Risalar kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. "Kada ka kama nan," ya ce da ni. "Ba ka cin nasara da cewa don mi ya aje kare. Abin da za ka nema shi na: an taɓa yi mai magana gaban shaidu?"

Ya kuma rage mini dogon buri. Mutane da sun ji diyya sai hankalinsu ya tafi ga raƙuma 100 ko dinari 1,000, alhali wannan ta rai ce. Raunuka kaɗan ne ke da ƙayyadadden arashi, wato diyyar rauni, misali wanda ya tone ƙashi a kai ko a fuska, mai raƙuma 5. Rauni a tsokar ƙafa ba ya cikinsu, ijtihadin alƙali ne, kuma ba a ƙimanta shi sai ya warke. In ya warke bai bar aibi ba, asalin magana babu komai a kansa, sai dai wasu manyan malaman mazhaba sun fi ganin a ɗora wa mai laifi ladan likita da kuɗin magani. A taƙaice, abin da zan iya tsayawa a kansa da ƙarfi shi ne abin da na kashe, sai kuma tabon in ya zauna.

Bayan kwana biyu na je wurin wani abokin karatuna da ya zama lauya. Abin da ya ba ni mamaki, tambayarsa ta farko ita ce tambayar Malam: karen ya taɓa cizon wani, kuma mai shi ya sani? Ya ce a dokar da muka gada daga Ingila an raba dabbobi gida biyu. Na dawa, irin zaki ko kura, duk wanda ya ajiye su ya ɗauki alhakin ɓarnarsu kai tsaye. Na gida, irin kare, sai an tabbatar mai shi ya san halinsa na kai wa mutane hari. Ya ba ni labarin wata shari'a ta 1965, tsakanin Daryani da Njoku, inda kare ya taɓa cizon 'yar aikin gida aka gaya wa matar gidan, daga baya ya sake yin cizo aka kai ƙara, kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta ɗora masa biya. Ko babu wannan, in ji shi, ana iya bin ta hanyar sakaci: an buɗe get lokacin tashin 'yan makaranta, kare a sake, ba sarƙa, ba rigakafi. A kotun boko akwai diyya iri biyu. Akwai ta abin da aka kashe, wadda sai an kawo rasit ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma ta azaba da wahala, wadda alƙali ke ƙiyastawa. Ta fuskar laifi kuma, dokar Penal Code ta hukunta sakaci da dabbar da ke iya yi wa mutane lahani, kotu tana da ikon haɗawa da umarnin biyan wanda aka cuta. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi.

Ya karɓi ambulan ɗin rasit ɗina yana dubawa, sai ya ɗago guda biyu ya nuna mini. Irin na inji ne, masu santsi, zafi ya fara cinye rubutun, adadin kuɗin ya koma inuwa. Nan take ya aiki yaronsa ya yi hoton kowanne a takarda. Da na ƙara wata guda da farar takarda zan kai kotu.

Na kai rahoto ofishin 'yan sanda don abin ya shiga littafi, amma ban nemi a kama kowa ba. Ba ɗaurin Alhaji nake so ba, kuma gida da gida muke. Na zaɓi kotun shari'ar Musulunci saboda dukanmu Musulmi ne, da Hausa ake magana, kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne, mutum yana iya tsayawa da bakinsa. Ƙari a kan haka, hadisi Alhaji ya kafa hujja da shi, na ga ya dace a amsa masa a inda ya tsaya.

Wahalar gaske ba a kotu take ba, a layinmu take. Kowa ya san karen ya taɓa yin cizo. A bakin shago ana faɗi, a wurin suna ana faɗi. Amma da na fara bin mutane ɗaya-ɗaya ina cewa za ka faɗi haka a gaban alƙali, sai labari ya sauya. Wannan ya ce ji ya yi. Wancan ya ce ranar ba ya gari. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya kama hannuna ya ce, "Malam, yaro ya warke, mi kake nema kuma?" Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Alhaji ne ya yi wa masallacinmu rufi, rijiyar burtsatsen gidansa ce ake ɗiba idan famfo ya ƙafe, kuma ba mugun mutum ba ne. Sai dai wannan kunyar tamu tana da wanda take ci. Duk "ba komai" da aka ce a baya, ita ce ta bar karen a sake har ya kai ga ɗana, ita ce kuma ta so ta hana ni hujja.

Wanda aka fara ciza ɗan garuwa ne. A bara ya shiga da kura zai juye ruwa, karen ya kama shi a cinya. An ba shi 'yan kuɗi, an ce ya je kemis, magana ta mutu. Ko allura ɗaya ba a yi masa ba, Allah ne ya tsare. Da na neme shi an ce ya koma ƙauyensu wajen Wurno, damina ta kusa. Ta hannun shugaban 'yan garuwa na bakin rijiya na samu lambar wani ɗan'uwansa. Da muka yi magana ya ce zai zo in zan biya masa kuɗin mota, ya ƙara da cewa shi bai san ana biyan irin wannan ba, ya ɗauka wanda ya shiga gidan mutane da ƙafarsa ba shi da ta cewa.

Saura gargaɗin. Na san cewa bayan cizon ɗan garuwa Liman ya tsayar da Alhaji bayan sallar asuba, a gaban mutum biyu ko uku, ya ce masa a ɗaure karen nan ko a fitar da shi. Na je wurin Liman da dare. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ce, "In alƙali ya kira ni, ba ni ɓoye shaida. Amma kai ma ka sani, ba da son raina ba." Na ce na sani, Allah shi gafarta Malam.

A kotu na biya kuɗin ƙara a wurin rajistara, aka rubuta da'awata, aka ba masinja sammaci. An ɗage zama ba sau ɗaya ba, wani lokaci Alhaji ya yi tafiya, wani lokaci shari'o'in gado da na aure sun cinye yini. Ɗaki ne madaidaici, fanka tana juya iska mai zafi, bencuna cike da mata masu jiran a kira su. Da aka zo kanmu alƙali ya ce in faɗi da'awata a fili: me ya faru, me nake nema, nawa ne. Na faɗa. Ya juya ga Alhaji. Alhaji ya amsa cewa karensa ne, ya yi cizon, amma bai taɓa sanin yana cizo ba, kuma yara ne suka tsokane shi. Alƙali ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, ina shaiduna?

A nan na koyi cewa ni kaina ba shaida ba ne, uba ba ya yi wa ɗansa shaida. Yaran da suka ga abin da idonsu ma ba a ɗauki maganarsu a matsayin shaida ba. Mai shago ne ya tsaya, ya ce yaron tafiyarsa yake yi da jaka a kafaɗa, ba dutse a hannunsa. Ɗan garuwa ya ɗage wandonsa ya nuna tabo. Alhaji ya yi ƙoƙarin sukar shaidarsa, ya ce yana da ƙullin zuciya. Sai aka kira Liman. Bai yi dogon bayani ba, ya faɗi ranar, ya faɗi abin da ya ce, ya faɗi amsar da aka ba shi, wato za a saya masa sarƙa. Alƙali ya tambayi Alhaji ko yana da suka a kan Liman. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce babu.

Alƙali ya karɓi takardun asibiti da na likitan dabbobi, ya sa aka kawo yaron ya duba ƙafar da kansa, ya ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ba ya ɗingishi, amma tabo biyu sun zauna, ɗaya ya ɗan lotsa. Sannan ya yi mana i'izari, ya tambayi kowannenmu ko akwai sauran magana ko hujja kafin hukunci. Muka ce babu. Ya rufe littafinsa ya ce hukunci a shirye yake, amma ku maƙwabta ne, gobe gawar ɗayanku ɗayan ne zai fara ɗauka, ku fita da manyanku ku gwada sulhu, in ya gagara ku dawo.

A ƙarƙashin dalbejiyar harabar kotu muka zauna, da mai unguwa, da Liman, da yayan Alhaji, da kawuna. Yanzu ba wanda ke cewa don zumunci. Lissafi aka bi layi-layi. Alhaji ya ɗauki kuɗin imunoglobulin, da allurai uku na farko, da magunguna, da wankin ciwo, da kuɗin ƙara. A kan allurai biyu na ƙarshe aka yi ja-in-ja. Yayansa ya ce tunda kare ya wuce kwana goma lafiya, likita ma ya ce ana iya tsayawa, mu muka zaɓi ƙarasawa. Gaskiya ne, likita ya bar mana zaɓi, uwar yaron ta ce ko za ta sayar da ɗan kunnenta sai an cika. Na yarda wannan nawa ne. Kuɗin kabu-kabu da ƙanƙara ba su da rasit, aka yi musu ƙiyasi aka raba biyu. A kan tabon, kawuna ya nemi abu mai kauri, aka sauko zuwa wani adadi da ba zan kira mai yawa ba, aka ce a ajiye wa yaron. Abokina lauya ya ce da babbar kotu muka je wataƙila kuɗin azaba ya fi haka, wataƙila kuma har yanzu muna can.

Sharaɗi biyu na dage a kansu fiye da kuɗin. Na ɗaya, a gina wa karen keji, kada a sake shi sai bayan an rufe get da dare, a riƙa yi masa rigakafi duk shekara, katin kuma mai unguwa ya gani. Na biyu, a ba ɗan garuwa wani abu, duk da ba shi ya kawo ƙara ba. Alhaji ya yi jim, ya ce wannan ba ya cikin da'awa. Liman ya ce ba ya ciki, amma yana cikin abin da za a tambaya gobe. Ya amince.

Muka koma ciki, aka karanta sulhun, kowa ya sa hannu, alƙali ya tabbatar da shi a matsayin hukuncin kotu. Wannan matakin ne lauya ya ce kada in yarda a tsallake, domin sulhun baki in an saɓa sai a sake sabon zance, wanda kotu ta tabbatar kuwa ana iya tilasta shi. An raba biyan kashi-kashi, ta hannun rajistara, kowane kashi da rasit. Na biyu ya yi jinkiri har sai da masinja ya kai takardar tuni, na ƙarshe ya zo a kan lokaci.

Ni da Alhaji muna gaisawa a masallaci, gaisuwa gajera. Matansa sun daina shigowa gidana, yarana kuma sun koma ɗibar ruwa a wata rijiyar da ta fi nisa. An gina kejin da bulo a bayan gareji. Da shekara ta zagayo direban ne ya kawo wa mai unguwa katin rigakafin, da sabon hatimi a kai, mai unguwa ya aiko a kira ni in gani.